Ra'ayinmu: Sai Jirgi Ya Cika

Duk wanda ya taɓa sauka bakin ruwa a Yelwan Yauri, ko Zamare, ko Wara, da niyyar ƙetarewa, ya san amsar da ake ba mai tambayar lokacin tashin jirgi. Ba za a ce masa ƙarfe takwas ko ƙarfe goma ba. Abin da zai ji shi ne, "Baba, sai ya cika." In ya sake tambaya bayan awa guda, ɗan kamasho zai ce masa saura mutum biyu. Waɗannan mutum biyu kuwa, kamar yadda masu bin wannan hanya suka sani, suna iya cin rabin yini kafin su iso, in kuma sun iso sai a tarar ashe akwai wasu biyun a bayansu.

Wannan jarida ta ga ya dace ta ɗauki wannan magana a yau, ko da yake mun san wasu za su ce ƙaramar magana ce idan aka dubi tsadar abinci da rashin tsaro da suka addabi jama'armu. A ganinmu ba ƙarama ba ce. Zaman jiran da ake yi a bakin kwata kowace ranar kasuwa shi ne mafarin yawancin jana'izar da muke halarta bayan jirgi ya kife, kuma muddin aka ci gaba da raba maganar jira da maganar haɗari, to za a ci gaba da yin ihu bayan hari.

A manyan biranen duniya ma mutane suna kukan jinkiri. Birnin Landan yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun shekarar 1863, amma har gobe ma'aikata suna cika jaridu da ƙorafi a kan jirgin da ya makara ko ya tsaya da su cikin rami, har hukumar sufurin birnin ta yi ƙa'idar mayar wa fasinja kuɗinsa in jinkirin ya kai minti 15 kuma laifin nata ne. A nan gida, gwamnatin Lateef Jakande ta ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari na Legas a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, mutanen Legas kuma suka yi ta gasuwa cikin cunkoson motoci har zuwa Satumban 2023 da layin farko ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2. Abin lura a nan shi ne, mutumin Landan yana da bakin yin ƙorafi domin an yi masa alkawari, an rubuta masa lokaci a jikin allo. Mutumin Ngaski ba wanda ya yi masa alkawarin komi, saboda haka ba shi da wanda zai riƙe. In ya yini a bakin ruwa, shi da haƙurinsa ne.

Su wane ne masu wannan jira? Mata ne masu kai busasshen kifi da albasa kasuwa, manoma ne da gonakinsu na shinkafa ke wancan ƙetare, uwaye ne da suka goyo yaro mai zazzaɓi suna neman asibitin Yelwa, malaman makaranta ne da ɗalibansu. A cikinsu akwai namu masu bishara, waɗanda mutum ɗaya a cikinsu yakan riƙe ƙananan majami'u uku ko huɗu a tunga-tunga da gungu-gungu, ya yi sujadar safe a nan, ya sa ran kaiwa can kafin jama'a su gaji su watse. A jirgi ɗaya suke zama da maƙwabtanmu Musulmi, kafaɗa da kafaɗa, kuma ruwa bai taɓa tambayar kowa addininsa ba.

Idan ba a manta ba, wannan babban ruwa ba haka kakanninmu suka gada ba. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafkin da tsawonsa ya wuce kilomita 130, faɗinsa kuma a wani wuri ya haura kilomita 20. Mutane fiye da 40,000 aka tasa daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ta nutse, Gungawa da Kambari da sauran mazauna tsibirai da gaɓar kogi suka bar gonaki da kaburburan iyayensu. Wurin da a dā mutum ke ƙetarewa da ɗan kwalekwale yana hango wancan gefe, yanzu tafiya ce ta jirgi mai inji. Dangi ɗaya ya rabu, wasu a Jihar Kebbi, wasu a Jihar Neja, ga biki da makoki kuma ba su daina haɗa su ba. Wutar da ake samu daga wannan ruwa tana haska manyan birane, tana kaiwa har Yamai a Jamhuriyar Nijar. Waɗanda suka ba da ƙasar kuwa, fiye da shekara hamsin ke nan ba a yi musu tsayayyen jirgin fito mai tashi a kan lokaci ba.

Akwai kuma wani gado da tafkin ya bari wanda ido ba ya gani. Ba a sare dukan itatuwan da ke cikin kwarin ba kafin ruwa ya rufe su, kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashi. Lokacin da tafki ya cika maƙil, jirgi yakan wuce ta samansu lafiya. Daga bazara zuwa farkon damina, sa'ad da ruwa ya ja baya, sukan matso kusa da fuskar ruwa, su kwanta kamar tarko. Matuƙin da ya daɗe a hanya ya san yawancinsu, amma da rana ya san su, da idonsa, ta yadda ruwa ke ɗan murɗawa a kansu.

To, bari mu bi yinin nan daki-daki, domin a cikinsa ne maganar take. Mai jirgi ya kawo jirginsa bakin kwata da sassafe, lokacin da ruwa ke kwance. Da zai tashi a wannan lokaci da ya isa lafiya ya dawo. Amma ba zai tashi ba, gama mutanen da ke ciki ba su kai su biya masa kuɗin mai ba. Ba ma ganin laifinsa a nan. Litar man fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta kusa ninka uku cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta kai naira 1,000 a wurare da yawa, a bakin ruwa kuwa, inda sai a galan ake samunsa, kullum ya fi na gidan mai tsada. Injin ɗan waje ne, kayan gyaransa ma haka. Ga ɗan kamasho da ke cin kuɗinsa bisa yawan kawunan da ya zuba, ga masu karɓar haraji. Kowa a wurin nan ribarsa tana cikin mutum na gaba, babu wanda ribarsa ke cikin agogo.

Sai rana ta take, yara sun fara kuka, kifi ya fara sauya wari, mai zuwa kasuwa yana lissafin cewa masu saye na kirki sun riga sun tafi. A daidai wannan lokaci ne ake yin ɓarnar. Mutanen da suka yi awa huɗu suna jira ba su da sauran ƙarfin gardama, in an ce a matsa a sa babur, sai a matsa, in an ce buhu goma ne kawai suka rage, sai a ɗaga ƙafa. Wanda ya buɗe baki ya ce lodin ya isa, fasinjoji 'yan'uwansa ne za su fara hayayyaƙo masa, su ce in tsoro yake ji ya sauka. Shi kuma ya san in ya sauka babu wani jirgi sai gobe. Haka jirgi zai tashi, bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga ruwa ba, yaro yana tsakiya da roba yana kwarfar ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai.

Jirgin da ya tashi a makare, a makare zai dawo. Da damina kuwa sanin kowa ne hadari ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare, iska ta taso daga gabas, tafki mai faɗin nan ya tashi da igiyar ruwa kamar ba shi ne ke kwance da safe ba. Da hunturu hazo ne ke rufe gaɓa. In magariba ta yi, matuƙi ba shi da fitila sai tocila, kututturen da ya sani da rana ya ɓace masa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A bakin tafkin Kainji nawa ce ke haifar sauri, saurin kuma shi ke kai mutane kabari.

Ba mu manta da Laraba 26 ga Mayun 2021 ba, ranar da wani jirgin katako ya tsage ya nutse tsakanin gaɓar Jihar Neja da garin Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Rahotannin lokacin sun ce mutanen da ke ciki sun haura 150, ban da babura da buhuna, waɗanda aka ceto da rai kuwa wajen ashirin ne. Cikin 'yan kwanaki masunta da masu iyo sun tsamo gawawwaki fiye da 70. Amma har aka gama makoki ba a daidaita a kan yawan mutanen da suka shiga jirgin ba, domin babu wanda ya rubuta sunan kowa. Sai dai a bi gida-gida a tambaya wa ya fita bai dawo ba. A Satumban 2025 kuma wani jirgi da ya ɗauko masu zuwa ta'aziyya, galibinsu mata da yara, ya daki kututture kusa da Gausawa a ƙaramar hukumar Borgu, a wannan tafki dai, aka sake yin asarar rayuka masu yawa. Masu zuwa gaisuwar mutuwa su aka koma yi wa gaisuwa.

Wani zai ce me ya hana su bin mota? Mai wannan tambaya bai san ƙasar ba. Wanda ke son zuwa Rofia ko Agwara daga Yelwa yana hango wurin kusa ta ruwa, ta mota kuwa sai ya yi zagaye mai cin yini da aljihu. An sha yin maganar gada tsakanin Zamare da Rofia, musamman in zaɓe ya gabato. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Shanga da Ngaski daga babban titin Kontagora zuwa Jega, da yawansu in ruwan sama ya sauka sai babur, wani wurin babur ɗin ma sai an tura. Ga tsoro kuma. Tun da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 suka kwashe ɗalibai da malamai, sannan aka sake ganin irin wannan a makarantar Katolika ta Papiri a Nuwamban 2025, mutane da yawa sun gwammace su ba ruwa amanarsu da su ba daji. Kowane mutum da tsoro ya koro daga hanya, nauyi ne da ya ƙaru a cikin jirgi.

Gaskiya ne hukumomi ba su naɗe hannu ɗungum ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa ta raba riguna, ta kuma taɓa aikin sare kututturai a wasu sassa. Mun yaba. Sai dai rigar da aka raba a gaban 'yan jarida takan ƙare a rataye a ɗaki, ko ta zama matashin kai, domin an ba mutum ita ne, ba a ba jirgi ba. Dokar hana tafiyar dare kuma ba ta da haƙora muddin jirgi ba ya tashi da safe. Ba za ka hana mutum dawowa da dare ba alhali kai ka san sai azahar ya bar gida. Ina zai kwana da 'ya'yansa da kayansa?

Saboda haka kiranmu na farko ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga shi ne su sayi lokaci. Ma'anarmu, a kan manyan hanyoyin fito, musamman ranakun kasuwa, a sami jirgi ko da ɗaya ne wanda zai tashi a ƙayyadadden lokaci ko ya cika ko bai cika ba, gwamnati ta biya gurbin da ya rage. Ba lalle sai an sayo sababbin jirage na miliyoyi da za su lalace a bar su suna tsatsa a gaɓa ba, mun ga irin wannan ya isa. Ana iya yin yarjejeniya da masu jiragen da ke wurin, a duba lafiyar jirgin, a shafa masa layin fenti a jiki wanda in ruwa ya taɓa shi lodi ya ƙare, a ba shi man zuwa da dawowa. Da zarar mutane sun tabbata akwai jirgin ƙarfe bakwai, za su zo ƙarfe bakwai, sauran masu jirage kuma kasuwa ce da kanta za ta koya musu duba agogo. A ajiye littafi a kowace kwata a rubuta sunan mai shiga da garinsu. Rigunan kariya su zama na jirgi, a ƙirga su, yawansu ya zama shi ne yawan fasinja. A kafa alamu a kan hanyar da aka share. A nan masarautar Yauri da sarakunan ruwa suna da abin da babu wani jami'i daga Lokoja ko Abuja da yake da shi, wato maganarsu tana da nauyi a kunnen matuƙa.

Amma ba za mu nuna gwamnati da yatsa mu manta sauran yatsun suna kallonmu ba. 'Yan'uwa cikin Almasihu, muna roƙonku ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27 a wannan mako ku karanta ta da idon mutumin bakin ruwa. Jirgin da ya ɗauki Manzo Bulus zuwa Roma jinkiri ne ya fara cin sa. An ɓata kwanaki a hanya har lokacin tafiya lafiya a teku ya wuce. Bulus ya yi gargaɗi a tsibirin Karita cewa a dakata, amma jarumin sojan da ke tsaronsa ya fi jin maganar matuƙi da ta mai jirgi, yawancin mutanen ciki kuma suka goyi bayan a tafi. Abin da ya biyo baya mako biyu ne na guguwa, aka zubar da kaya, aka zubar da alkama, jirgi ya farfashe a gaɓar Malita. Bulus mutum ne mai bangaskiya fiye da kowane ɗayanmu, duk da haka shi ne ya ce kada a tashi. Luka kuma ya iya faɗa mana yawan mutanen da ke cikin wannan jirgi, su 276, kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Mu a 2021 mun kasa faɗin na Wara.

Mun kawo wannan ne domin akwai wata irin magana da ta zauna a bakinmu wadda kamanninta na bangaskiya ne amma cikinta ganganci ne. Mutum ya ga jirgi ya nitse har wuya, sai ya ce Ubangiji yana nan, ya taka ya shiga, ya kuma ja 'ya'yansa. Ubangijinmu Yesu da kansa ya ƙi ya diro daga kan Haikali sa'ad da Shaiɗan ya kawo masa irin wannan shawara. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada alhakin jinin wanda ya faɗo ya hau kansa. In haka ne ga mai soro, yaya ga mai jirgi? Akwai masu jirage da matuƙa da 'yan kamasho da suke zama a kujerun majami'unmu ran Lahadi, suna ba da zakka da baiko. Ya kamata fastocinsu su gaya musu a fili cewa kuɗin fasinjan da aka ɗora bayan lodi ya cika ba kuɗi ne da za a kawo gaban bagade ba.

Mu kanmu shugabannin ikkilisiya muna cikin masu jawo jinkirin nan, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Sau nawa aka shirya taron zumuntar mata ko na matasa a Yelwa, aka rubuta za a rufe da tsakar rana, sai gaishe-gaishe da sanarwa da gabatar da manyan baƙi suka kai mu la'asar? Babban baƙo ya shiga motarsa ya kama titi. Matan da suka fito daga ƙetare kuwa sai su ruga bakin ruwa da kayansu a ka, su tarar jirgi ɗaya ya rage, rana tana shirin faɗuwa. Haka bikin aure, haka jana'iza. Idan ikkilisiya ce ta kira mutum ya ƙetaro ruwa, to komawarsa gida tana wuyan ikkilisiya.

Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba, ba ya kuma bukatar izinin kowa. Duk taron da ke da mahalarta daga ƙetare a sallame su tun rana tana tsaka, ko kuwa a tanadar musu wurin kwana su tashi da safe, ko da za a yanke jawabin wani babba. In jama'a za su tafi a ƙungiya, a yi shatar jirgi tun da wuri, a biya kuɗinsa cikakke daga asusun taro, a gaya wa mai jirgi ba a yarda ya ƙara ko tunkiya ba. Magatakardan ikkilisiya ya rubuta sunayen masu tafiya, takarda ɗaya ta bi su, ɗaya ta zauna a gida. Kowace gunduma ta sayi rigunan kariya ta ajiye a majami'a kamar yadda ake ajiye kujeru da tukwanen biki, a ba da aro, a dawo da su, maƙwabci Musulmi in ya nema a ba shi. Mai bishara da aka tura gungu kada a sallame shi da Littafi Mai Tsarki da fitila kaɗai, a haɗa masa da riga, shi da matarsa da yaransa.

Muna kuma ba shugabannin Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya a ƙananan hukumomin nan uku shawara su nemi zama da limamai da sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage, su tafi gaban shugabannin ƙananan hukumomi da murya ɗaya, da takarda ɗaya mai ɗauke da sunayen kwatocin da suka fi cunkoso da ranakun kasuwarsu da lokacin da jama'a ke so jirgin farko ya tashi. A kai wannan takarda tun ruwan tafki bai ja baya ba, a kuma aiko wa wannan jarida kwafinta, za mu buga ta tare da amsar da aka ba su.